Me ya sa ake koyar da finafinan Lourdes Portillo ga mai son yin fim a kan 'yan ci-rani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun aikin jarida, kuma ina da burin yin fim ɗin gaskiya a kan 'yan ci-rani. Wani malaminmu ya ce in fara da kallon aikin wata mata 'yar Meziko mai suna Lourdes Portillo. Na duba jerin finafinanta, ban ga wanda ya nuna mutane suna tsallake iyaka ba. To ta yaya ta shiga sahun masu fim ɗin ci-rani, kuma me zan koya a wurinta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malaminku bai ɓatar da ke ba, kuma abin da kika lura da shi haka yake. Cikin manyan finafinan Portillo babu wanda aka gina a kan tsallaken iyaka. Ba za ki ga mai hawa katanga da tsakar dare ba, ko ayarin mutane suna gudu a daji jirgi mai saukar ungulu na haska su. Wannan hoton shi ne mafi arha a sana'armu. Kowane gidan talabijin yana da irinsa a ajiye, masu kallo kuma sun gan shi har ya daina taɓa musu zuciya. Tsallake iyaka aikin dare ɗaya ne, in ya yi tsawo mako guda. Abin da ya kori mutum daga gida, da abin da ya tarar inda ya sauka, da halin waɗanda ya bari suna jiran labarinsa, su ne ke cin shekaru. A nan ta kafa kyamararta kusan shekara 40.

Ita kanta 'yar ci-rani ce. An haife ta a 1943 a birnin Chihuahua da ke arewacin Meziko, iyayenta suka kwashe su zuwa Los Angeles tana 'yar shekara 13. Daga baya ta koma San Francisco, ta shiga wata ƙungiyar masu shirya fim 'yan ra'ayin gurguzu mai suna Cine Manifest, inda ta koyi aiki tana mataimakiyar mai ɗaukar hoto, sannan ta yi karatu a makarantar zane-zane ta San Francisco Art Institute. Ta rasu a garin ranar 20 ga Afrilun 2024, tana da shekara 80.

Fim ɗinta na farko ma ba na gaskiya ba ne, ƙagaggen labari ne gajere, baƙi da fari, mai suna Después del terremoto, wato Bayan Girgizar Ƙasa. Ta yi shi tare da Nina Serrano a 1979. Ki lura da shekarar. A watan Yulinta ne 'yan tawayen Sandinista suka kifar da mulkin gidan Somoza a Nikaraguwa, duk wani mai goyon bayansu a Amurka yana jiran fim ɗin bindiga da tuta. Ita kuwa sai ta ɗauko wata budurwa 'yar Nikaraguwa da ta baro gida bayan girgizar ƙasar da ta rushe Managua, babban birnin ƙasar, a 1972, tana aikatau a San Francisco, babban burinta ta sayi talabijin da guminta. Saurayinta ya iso bayan ya sha azaba a hannun gwamnati, ya tarar da yarinyar da ya sani ta canza: tana da albashi, tana da ra'ayi, ba ta jiran izinin kowa. Rigimarsu a kan talabijin ɗin nan ita ce fim ɗin. A ganina babu wani darasi a kan ci-rani da ya fi wannan zurfi cikin aikinta na farko, domin tafiya takan sauya wanda ke riƙe da kuɗi a gida, kuma idan kuɗi ya sauya hannu magana ma takan sauya baki.

Wanda ya fito da sunanta duniya shi ne Las Madres de la Plaza de Mayo, wato Iyaye Mata na Dandalin Mayo, wanda ta yi da Susana Muñoz, 'yar Ajantina da ita ma ke zaune a San Francisco. Sojoji sun ƙwace mulki a Ajantina ranar 24 ga Maris 1976, suka riƙe har 1983. A tsakanin nan ana zuwa gida ko makaranta ko bakin titi a ɗauke mutum, shi ke nan. Babu tuhuma, babu kotu, babu gawa. Hukumar binciken da gwamnatin farar hula ta kafa ta tattara sunaye kusan 9,000 a rahotonta na 1984, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna cewa adadin ya kai 30,000. Ranar 30 ga Afrilun 1977 iyaye mata 14 suka taru a dandalin Plaza de Mayo da ke gaban fadar shugaban ƙasa a Buenos Aires suna tambayar inda 'ya'yansu suke. An hana taro, 'yan sanda suka ce su yi gaba, sai suka riƙa zagaya dandalin. Ya zama al'ada duk ranar Alhamis, da farin ɗankwali a ka. Gwamnati ta kira su mahaukata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa tafiyar, Azucena Villaflor, ita ma aka sace ta a Disambar 1977, sai a 2005 aka tabbatar da gawarta.

Ga matsalar da ke gaban mai shirya fim a irin wannan hali, kuma ita ce za ta biyo Portillo har ƙarshen aikinta. An koya mana cewa hujja tana cikin takardar hukuma, rahoton 'yan sanda, bayanin likita, hukuncin alƙali. To idan hukumar ce mai laifin fa? Idan ita ce ta ƙi rubuta takardar, ko ta rubuta ƙarya? Abin da ya rage shi ne uwa da hoton ɗanta, da ranar da ta gan shi na ƙarshe, da rigar da ke jikinsa. Portillo da Muñoz suka zaunar da waɗannan mata gaban kyamara a matsayin shaidu, ba a matsayin masu kuka da za a saka na daƙiƙa 10 don a motsa mai kallo kafin a koma wurin masani ba. Fim ɗin ya fito a 1985, ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don lambar Oscar ta fim ɗin gaskiya a 1986. Ta fuskar salo shi ne mafi bin ƙa'ida cikin finafinanta, akwai muryar mai ba da labari da tsofaffin hotunan labarai da hira. Amma tushen duk abin da ta yi daga baya yana cikinsa.

Na tsakiya zan wuce su da sauri. La Ofrenda na 1988 ya bi bikin tunawa da matattu daga Oaxaca zuwa unguwannin 'yan Meziko a Kalifoniya, don ya nuna yadda al'ada ke bin mutanenta ta sauya kama. A 1992, da aka cika shekara 500 da isar Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan da ya buɗe wa Turawa hanya, nahiyar Amurka, ta yi wani gajeren wasan barkwanci da aka gurfanar da shi a kotu. A 1999 ta yi Corpus, a kan mawaƙiya Selena da aka harbe a garin Corpus Christi na jihar Tekzas a 1995 tana da shekara 23. Ko a nan ba tarihin mawaƙiyar ne ya dame ta ba, 'yan mata ƙanana ne 'yan asalin Meziko da suka ga mai irin fatarsu da irin jikinsu a kan dandamali karon farko.

Wanda zan so ki tsaya a kansa kafin babban shi ne El diablo nunca duerme, Shaiɗan Ba Ya Barci, na 1994. An kira ta a waya aka ce an tsinci kawunta, attajiri mai gonaki, da harsashi a ka. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, ta rufe magana. Portillo ta ɗauki ma'aikatanta ta koma Chihuahua tana bin dangi ɗaya bayan ɗaya. Kin san yadda zaman makoki yake idan mutuwar akwai lauje cikin naɗi: a tsakar gida kowa na cewa Allah Ya jiƙansa, a bayan ɗaki kuwa kowace gwaggo tana da nata labarin da wanda take zargi. Haka fim ɗin yake daga farko har ƙarshe. Wani ya ce bashi ne, wani ya ce matarsa ta biyu ce, wani ya kawo zancen rashin lafiya. Matar ta ƙi yarda a ɗauke ta. Portillo ta cusa guntayen wasannin soyayya na talabijin ɗin Meziko a tsakanin hirarrakin, ta nuna fuskarta a cikin gilashin tabarau na mai magana, ta bar mu muna ganin ma'aikatanta suna sauraron waya tare da ita. Ba ta gano wanda ya kashe shi ba, ba ta kuma yi kamar ta gano ba.

Abin da ya sa nake koyar da wannan fim shi ne matsayin da ta tsaya. Ba baƙuwa ba ce, domin da baƙuwa ce babu wanda zai buɗe mata baki. Ba kuma 'yar gida ba ce sosai, domin da 'yar gida ce ba za ta iya yin tambayoyin da ta yi ba, kunya da zumunci za su ɗaure ta. Wanda ya tafi ya dawo yana da wannan dama, yana kuma da wannan laifi, tun da shi zai koma jirgi ya bar mutane da ƙurar da ya tayar. Ta bar wannan laifin a fili cikin fim ɗin, har tana tambayar kanta ko ya halatta ta naɗi muryar wadda ba ta yarda ba. A 2020 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin rajistar finafinan da ƙasa ke adanawa.

Yanzu Señorita extraviada, Budurwar da ta Ɓata, na 2001. In za ki kalli guda ɗaya tak, wannan ne.

Ciudad Juárez gari ne a jiharta ta Chihuahua, kogi ne kawai ya raba shi da El Paso ta Tekzas. Sai kin san yadda garin ya cika kafin ki gane fim ɗin. Daga 1942 zuwa 1964 Amurka tana da wani shiri mai suna Bracero na ɗaukar leburorin gona daga Meziko na ɗan lokaci. Da aka rufe shi, mutane suka yi cirko-cirko a garuruwan kan iyaka babu aiki. A 1965 gwamnatin Meziko ta buɗe ƙofa ga kamfanonin waje su kafa masana'antun harhaɗa kaya a bakin iyaka, waɗanda ake kira maquiladora: a shigo da kayan aiki babu haraji, a harhaɗa da hannu mai arha, a mayar Amurka a sayar. Yarjejeniyar cinikin NAFTA tsakanin Amurka da Meziko da Kanada da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1994 ta ƙara musu yawa. Masana'antun nan sun fi son 'yan mata, don suna ganin sun fi haƙuri da ƙaramin albashi. Sai 'yan mata suka riƙa kwararowa daga ƙauyukan Durango da Zacatecas da Coahuila, har daga Veracruz can kudu, suna zama a unguwannin bayan gari da babu kwalta babu fitilar titi, suna fita aiki kafin asuba ko su dawo bayan tsakar dare. Kin ga amsar tambayarki ta farko. Waɗannan 'yan ci-rani ne cikakku, sai dai a cikin ƙasarsu, kuma iyakar da ba su tsallaka ba ita ce ta tsara musu rayuwa.

Tun daga 1993 aka fara tsintar gawarwakinsu a daji da kangwaye. Rahoton Amnesty International na 2003 ya ce cikin shekara 10 an kashe mata kusan 370 a Juárez da birnin Chihuahua, aƙalla 137 daga ciki an yi musu fyaɗe kafin kisan. Lissafin farko ma ba hukuma ce ta yi ba. Wata mata mai suna Esther Chávez Cano ce ta riƙa yanke labaran daga jarida tana tara sunaye, daga baya ta kafa cibiyar Casa Amiga don taimakon matan da aka ci zarafinsu. Su kuwa jami'ai, abin da suka fara yi shi ne shafa wa matattun kashin kaji. Idan uwa ta je ta ce 'yarta ba ta dawo ba, sai a ce ta jira, ƙila ta bi saurayi. Ana cewa 'yan matan suna da wata rayuwa ta ɓoye da dare, ana zancen gajeren siket. A 1995 aka kama wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Masar, Abdel Latif Sharif, wanda dama yana da tarihin cin zarafin mata a Amurka, aka ce an gama. Kisa bai tsaya ba. Sai aka ce daga kurkuku yake biyan wasu 'yan daba, aka kama su a 1996. Kisa bai tsaya ba. A 1999 aka kama direbobin bas, aka sake cewa shi ke biyansu, su kuma suka ce da azaba aka sa su amsa laifi. Sharif ya mutu a kurkuku a 2006.

Portillo ta jera waɗannan bayanan hukuma ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ranarsa, ta bar su suna rushe juna. Ba ta buƙaci ta ce ƙarya suke ba. Wannan dabarar tacewa ce da ya kamata ki koya: ki ba jami'i cikakken lokacinsa ya yi magana, sannan ki sa kalanda a gefensa.

Babban hukuncin da ta yanke shi ne a kan gawa. Jaridun garin suna cike da hotunan 'yan matan a tsirara cikin yashi, kuma da ta so da ta samu. Ta ƙi gina fim ɗin a kansu. Abin da take nunawa shi ne hotonsu suna raye, na makaranta ko na bikin cika shekara 15, ta bar shi a allo ya daɗe har sai kin kalli fuskar da kyau. Tana nuna takalma, tana nuna uwa na shimfiɗa rigar 'yarta a kan gado, tana nuna hannun da ke zana baƙin gicciye a kan fenti ruwan hoda a jikin turken lantarki, alamar da iyalan suka ƙirƙiro don kada gari ya manta. Kiɗan kuma irin na addu'ar mamaci ne a cocin Katolika. Ɗalibai kan ce mini ai gani ya kori ji, in ba a nuna ta'asar ba yaya za a yarda? Ni ina tare da ita. Wanda ya kashe yarinyar nan ya riga ya mayar da ita abin kallo, ya yar da ita inda za a gani. In kika sake nuna ta haka, aikinsa kika ƙarasa masa. Kuma uwarta za ta kalli fim ɗin.

Akwai wata hira da ita ce ƙashin bayan fim ɗin. Wata mata ta ba da labarin yadda aka tsare ta a ofishin 'yan sanda, aka yi mata fyaɗe a ciki, aka kuma nuna mata hotunan 'yan matan da ake azabtarwa don a tsorata ta ta yi shiru. Portillo ta dawo wurinta sau da yawa cikin fim ɗin, tana sakin labarin kaɗan-kaɗan. A muryarta ta mai ba da labari ta faɗa a fili cewa ta kai inda ba ta yarda da kowa ba sai waɗanda abin ya shafa da iyalansu.

A nan zan ja miki kunne, domin ba na so ki ɗauki fim ɗin kamar ba shi da aibi. Mai kallo yakan tashi da jin cewa akwai wata ƙungiya guda ta ɓoye, ta masu kuɗi da masu safarar ƙwaya da 'yan sanda, da ke bayan kisan duka. Fim ɗin bai tabbatar da haka ba, ya dai jera alamu. Ko alƙaluman Amnesty da na kawo sun nuna cewa kashe-kashen ba iri ɗaya ba ne, da yawa mazajen aure ne da samari da maƙwabta suka aikata su, irin kisan da ba ya jan hankalin jarida. Labarin maƙarƙashiya ya fi daɗin ji, amma yana iya rufe wannan. Yarda da shaidar uwa a kan abin da ta gani da yadda aka wulaƙanta ta a ofis daidai ne. Ɗaukar hasashenta a kan wanda ya aikata a matsayin hujja wani abu ne daban, kuma Portillo a wasu wurare ta matso kusa da wannan layin fiye da yadda zan so ɗalibata ta matso.

Amma a kan babban zarginta, cewa sakacin hukuma da rufa-rufarta su ne suka ba kisan damar ci gaba, lokaci ya gaskata ta. A Nuwambar 2001, bayan an gama fim ɗin, aka tsinci gawarwaki 8 a wata tsohuwar gonar auduga a cikin garin. Ɗaya daga cikinsu 'yar shekara 20 ce da aka hana shiga masana'anta ranar da ta ɓata don ta makara da minti 2. Iyayen uku daga cikin 'yan matan suka kai ƙara har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka, wadda a Nuwambar 2009 ta yanke cewa gwamnatin Meziko ta gaza kare su, ta kuma gaza yin bincike na gaskiya. Fim ɗin ya samu lambar yabo ta musamman a bikin finafinai na Sundance a Amurka a 2002, amma aikinsa na zahiri a majami'u da jami'o'i da zaurukan ƙungiyoyi ya yi shi, inda aka riƙa haska shi ana tara masu goyon bayan iyalan. Ba zan ce fim ne ya jawo hukuncin kotu ba. Iyayen ne da lauyoyinsu. Fim ɗin ya sa ya yi wuya a ce ba a sani ba.

Kina iya tambaya da wane kuɗi ake irin wannan aiki, tun da ba ya cika sinima. A Amurka yawancinsa ya dogara ne ga talabijin ɗin al'umma, PBS, da shirinta na POV da ya fara a 1988, da hukumar ITVS da ke ba masu shirya fim masu zaman kansu jari, da Latino Public Broadcasting da aka kafa a 1998, sai gidauniyoyi. Shi ya sa za ki ga shekaru tsakanin fim da fim. Rabin lokacin a rubuta takardar neman tallafi yake tafiya. A 2025 majalisar dokokin Amurka ta janye kusan dala biliyan 1.1 da ta ware wa hukumar da ke raba kuɗin kafofin al'umma a lokacin, don haka masu tasowa yanzu hanyarsu ta fi tata ƙunci.

Cikin waɗanda suka biyo bayanta, biyu za su amfane ki. Natalia Almada ta yi Al otro lado a 2005, a kan wani matashin mawaƙi a ƙauyen masunta na jihar Sinaloa da zaɓinsa bai wuce safarar ƙwaya ko tsallakawa Amurka ba, sannan El velador a 2011, inda ta zauna da maigadin wata maƙabarta a Culiacán da ake binne manyan masu safarar ƙwaya, ta nuna yaƙin gaba ɗaya ba tare da harbi ko ɗaya ba. Ta biyun ita ce Cristina Ibarra, 'yar El Paso, wadda ta yi The Infiltrators tare da Alex Rivera a 2019. Labarin wasu matasa ne marasa takardun zama da suka miƙa kansu da gangan a 2012 don a kulle su a wata cibiyar tsare baƙin haure da ke Broward a jihar Fulorida, su taimaki na ciki su fito. Tun da babu kyamarar da za ta shiga, sai aka haɗa hoton gaskiya na waje da 'yan wasa da suka kwaikwayi abin da ya faru a ciki, aka kuma nuna wa mai kallo a fili wane ne wane. Wannan gadon Portillo ne kai tsaye.

Abin da ya biyo bayan fim ɗin ya kamata ki riƙe da kyau. Ɗaya daga cikin mutanen da aka ba da labarinsu, Claudio Rojas, ɗan Ajantina, ya daɗe yana zuwa ofishin shige da fice yana sa hannu ana barinsa ya koma gida. Makonni kaɗan bayan an haska fim ɗin a Sundance aka tsare shi, a Afrilun 2019 aka mayar da shi Ajantina, ya bar iyalinsa a Fulorida. Sai a 2021 ya samu dawowa. Mutum ne baligi da ya san abin da ya shiga, ya kuma yarda. Duk da haka shi ya biya kuɗin, ba masu fim ba. Takardar amincewa da za ki ba mutum ya sa wa hannu tana kare ki ne daga ƙara. Shi ba ta kare shi daga komai.

In a gida za ki yi naki, za ki tarar da irin wannan jarabawa. Hoto mai arha a wajenmu shi ne Hilux cike da matasa a bayan Agadez, kowa ya rufe fuska ya riƙe sanda, kuma 'yan jaridar Turai sun ɗauke shi har ya gaji, musamman tsakanin dokar hana safarar baƙin haure ta Nijar ta 2015 da soke ta a Nuwambar 2023. Amma a Oktoban 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma yawancinsu daga yankin Kance suke a jihar Damagaram. Tambayar da Portillo za ta yi ita ce me ya fitar da mace da goyo da 'ya'ya a hannu ta nufi Sahara, wa ya ba ta bashin kuɗin mota, wa ya rage a gidan, kuma me hukuma ta ce masa da ya je tambaya. Kina jin harshen mutanen nan ba tare da tafinta ba, wanda shi ne abin da baƙon ɗan jarida ba shi da shi. Kafin ki kunna kyamara ki zauna da kowace mai magana ki gaya mata inda fim ɗin zai iya kaiwa, har da wayar maƙwabcinta da ta mijinta da ta mai gari, sannan ki nuna mata abin da kika tace kafin kowa ya gani.

Finafinan suna cikin Sifaniyanci da Ingilishi da fassara a ƙasan allo, kuma kamfanin Women Make Movies da ke New York yana rarraba wasu daga cikinsu ga makarantu, don haka ki tambayi ɗakin karatun sashenku. Ki fara da Las Madres, ki bi da El diablo nunca duerme, sannan Señorita extraviada. Na ƙarshen ki kalle shi sau biyu. A karo na biyu ki kashe sauti, ki ɗauki biro da takarda, ki rubuta abin da ke kan allo duk lokacin da ake zancen yadda aka kashe wata, da daƙiƙa nawa ta bar kowace fuska kafin ta yanke.